Izun da ba a kawo ba

Rukuninmu na saukar Alƙur'ani a WhatsApp ya samo asali ne daga 'yan ajinmu na Islamiyya a Sakkwato, bayan aure ya watsa mu. Wasu suna Mabera, wasu Arkilla, wasu Kaduna da Abuja, akwai ma wadda miji ya kai Yamai. Ni aka ɗora wa riƙon jerin sunaye.

Tsarin ba wuya. Ranar Asabar in raba izu sittin, kowa biyu, mai jego ko mai jinya ɗaya. Wadda ta gama ta rubuta lambar izunta, ta ce "na kawo". Daren Juma'a babbarmu, Hajiya, wadda ta karantar da wasunmu tun muna ƙanana, ta yi addu'ar sauka da saƙon murya. Ita riwayar Warshu take karantawa, irin ta makarantar allo, yawancinmu kuma riwayar Hafsu a waya. Wannan bai taɓa haɗa mu faɗa ba. Abin da ya so ya haɗa mu shi ne watan Maulidi, don akwai 'yan ɗarika a cikinmu, akwai 'yan Izala. Hajiya ta kashe maganar da jimla ɗaya: "Ɗiyana, wanga wuri na karatu na, kowa ta bar malaminta gida."

Doka ta biyu ta zo ne a watan Oktoba na 2021, bayan harin kasuwar Goronyo. Bidiyon gawarwaki ya riƙa shigowa, kowa ta tura ta rubuta "Innalillahi". Wata da iyayenta ke wajen Sabon Birni ta fice daga rukunin ba sallama. Da na kira ta, sai ta ce duk bidiyon da ta buɗe fuskar babanta take nema a ciki. Daga ranar muka hana tura irin wannan bidiyo. Wasu sun ce ɓoye gaskiya ne, ni ban yarda ba. Labarin dai zai same ka a rediyo, ko a bakin maƙwabta. Mai tura irin wannan bidiyo sau da yawa nauyin ƙirjinta take saukewa kan 'yar'uwarta, ba tare da ta tambayi halin da waccan ke ciki ba.

Amfanin jerin nan da ban zata ba shi ne yana nuna wadda ta ɓace. Hoton "barka da Juma'a" kowa na iya turawa ko tana kuka, amma izu sai an zauna. Akwai wata mai natsuwa da ba ta taɓa makara ba, sai ga lambarta babu "na kawo", mako ya zagayo, har yanzu shiru. Ashe 'yan bindiga ne suka tare ƙanin mijinta a hanya, dangi na ta neman mai sayen gona don haɗa kuɗin fansa. Ta ce mini, "Yaya, in na buɗe Alƙur'ani ba na ganin baƙi." Muka raba izunta tsakaninmu amma na bar sunanta a jerin. Aka haɗa abin da ya sawwaƙa, biyu daga cikinmu da ke kusa suka kai mata tuwo da fura, suka wuni.

A addu'ar makon Hajiya ta kawo hadisin nan da Allah ke cewa yana inda bawansa ya zace shi. Ba ta ce lalle za a sako shi ba. Na lura ba ta taɓa yi wa kowa irin wannan alkawari. Yaron ya dawo, ƙafafu a kumbure, ya rame har sai an duba da kyau. Wata kuma a cikinmu nata bai dawo ba, kuma ita ce yanzu ke fara cewa "na kawo". A wurinta na gane kyautata wa Allah zato ba ciniki ba ne.

Hajiya takan tsokane ni da "jaji marar malfa". Tana nufin matan da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ke naɗa wa malfa, su jagoranci 'Yan Taru, wato ƙungiyar mata masu neman ilimi, su kai karatu da waƙoƙin wa'azi ƙauyuka. Su da ƙafa suka yi nasu.

Damuwarmu ta yanzu data ce. Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025, wasu sai su yi kwanaki ba su hau ba, shirun talauci ya gauraya da shirun matsala. Sai muka ce wadda ba ta da data ta yi mini filashin sau biyu in ta gama. Wadda ban ga ko filashin ɗinta ba zuwa Laraba, ita nake kira.