Yadda muka daina hayar imel a ofis, da abin da kalanda ta yi mana bayan Sallah

Ofis ɗinmu ƙarami ne, mu goma sha huɗu, nan wajen titin Ali Akilu, kuma ni ba injiniya ba ne, kawai dai ni ake kira in firinta ta ƙi aiki, shikenan na zama mai kwamfuta. Da can imel ɗinmu da kalanda haya muke yi, kowane mutum ɗaya ana biya masa duk wata da dala, ba wanda ya damu sai da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da muka sani wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ranar nan Hajiya akanta ta ajiye takarda gaban Oga ta ce ranka ya daɗe kuɗin imel ya kusa kamo kuɗin dizal, Oga ya juyo ya kalle ni ya ce Malam ba wata hanya ne? Ni kuma da bakina na ce akwai.

Hanyoyin da kowa ya sani su ne Microsoft 365 da Google Workspace, su kuma duk haya ce, ko ka sayi Exchange, manhajar imel ta Microsoft, ka ɗora a injinka, shi kuma na 2016 da na 2019 a lokacin an riga an sanar za a daina kula da su 14 ga Oktoba 2025, toh ba dabara ba ce. Sai na koma manhajojin da kowa zai iya ɗauka kyauta. Na duba Zimbra, na duba Mail-in-a-Box, ƙarshe na tsaya kan mailcow don shi ya haɗa komai wuri ɗaya: Postfix mai aika saƙo, Dovecot mai ajiye akwati, Rspamd mai tace tarkace, sai SOGo wanda shi ne kalanda da lambobin mutane. Yana da cin ƙwaƙwalwa fa, giga 6 ne mafi ƙaranci.

Da farko niyyata in ɗora a wata tsohuwar kwamfuta a ofis, Allah ya taimake ni duhun da aka yi a Arewa ƙarshen Oktoban 2024 ya zo kafin in fara, kwana da kwanaki ba wuta, na ce in imel na ƙarƙashin teburina da yanzu mun shiga uku. Na kama hayar saba a Jamus, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana riƙe mana imel ɗin, kuɗinta a wata bai kai abin da muke biya wa mutum huɗu ba. Kwashe tsofaffin saƙonni da wata manhaja mai suna imapsync na yi, daren Juma'a zuwa Lahadi, wannan bai ba ni wahala ba.

Wahalar aikawa ce. Saƙo yana shigo mana lafiya lau amma namu in ya tafi sai ya faɗa kwandon tarkace na mutane, ko ya dawo. Ashe kafa saba daban, a yarda da kai daban. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, dole ka nuna kai ne mai sunan. SPF shi ne ka rubuta a rajistar sunan ofis ɗinka cewa wannan injin ne kawai na yarda ya aika da sunana, DKIM kamar hatimi ne a kan kowace wasiƙa, DMARC kuma umarni ne na abin da za a yi da wasiƙar da ba hatimi. Duk na yi waɗannan amma na manta guda, wato lambar injin ita ma in an bi ta baya ta nuna sunanmu, PTR ake ce masa, kuma a shafin masu ba da hayar saba ake saita shi, ni ina can ina nema wani wuri. Sati guda takardar neman kwangila da muka tura Abuja tana kwance a tarkacen mutane, Oga bai yi faɗa ba, shirun nan nasa ya fi faɗa ciwo.

Kalanda kuwa ni na ɗauka ita ce mai sauƙi. Masu iPhone ba matsala, CalDAV, wato hanyar da waya ke haɗuwa da kalandar saba, na ciki, ka sa adireshi da kalmar sirri kawai. Masu Android sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa musu manhajar DAVx5 mai yin wannan aikin. Anti sakatariya ta saba da Outlook, manhajar duba imel da kalanda, shekara da shekaru, shi kuma ba ya jin CalDAV sai da ƙarin wata manhaja, na ce Anti ki gwada Thunderbird, ta ce ɗan nan kai dai ka raba ni da abin da hannuna ya sani. Wata biyu tana min mita, yanzu ita ke koya wa masu bautar ƙasa.

Toh ga abin da ya fi ba ni kunya. Lokacin kafawa an tambaye ni yankin agogo, na bar shi a Berlin don na ga ƙarfe nawa ne can ƙarfe nawa ne nan duk ɗaya. Gaskiya ne ɗaya ne, amma lokacin sanyinsu kawai. Lahadin ƙarshe ta Maris suke tura agogo gaba da awa guda, a 2025 ta faɗo 30 ga wata, ranar ƙaramar Sallah, kowa na yawon Sallah ba wanda ya lura. Muka dawo aiki Laraba, taron da Anti ta sa ƙarfe goma a shafin kalanda, wayar Oga ta buga masa ƙarfe tara. Ya taso daga Unguwar Rimi ko karyawa bai yi ba, ya zauna shi kaɗai a ɗakin taro awa guda cur. Gyaran bai wuce canza Berlin zuwa Lagos ba, amma tarukan da ake maimaitawa duk sati sai da muka goge muka sake su da hannu.

Kuɗi kam mun rage sosai, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai da can in imel ya tsaya kowa cewa yake matsalar kamfani ce a jira, yanzu wayata ce ke ƙara, ko ina masallaci ko ina ɗaurin aure a Zariya. Sabuntawa duk wata ni ne, kwafin ajiya kullum dare zuwa wani wuri daban ni ne, kuma sai da na gwada maido da akwatin mutum guda daga kwafin kafin hankalina ya kwanta. Wanda ofis ɗinsu ba mai wannan lokacin gara ya biya masu gudanar da irin waɗannan manhajojin su riƙe masa.

Satin da ya wuce Oga ya ce in rubuta kalmomin sirrin saba da yadda ake tayar da ita in sa a ambulan a ba Hajiya ta kulle a sef, wai ko za ka tafi Umara. Na rubuta shafi uku, na ba yaron da ke bautar ƙasa ya bi ya gwada, ya maƙale a layi na huɗu, yanzu ina sake rubutawa.