Yau a bayan shasi na wuni

Talata, bayan isha'i.

Hazo ya sauka sosai yau. Da na fito daga Fadaman Mada wajen bakwai da rabi, masu adaidaita duk fitila suka kunna kamar da magariba. Na tsaya Wunti na sayi masa, don na san ba ranar fita neman abinci ba ce. Ƙarfe sha ɗaya muna da zama da ɗan kwangilar da ke son kawo mana ma'ajiyar bayanai.

Ko jaka ban ajiye ba na leƙa ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin da ke yi wa ofis hidima suke. Tun daga bakin ƙofa ƙarar fankoki ta ba ni labari. Duk wanda ya daɗe da shasin nan, wato babban akwatin ƙarfen da ake jera sabobin a cikinsa, ya san muryarsa: in yana lafiya gurnani yake a hankali, in ya ji zafi kuwa sai ka ce jirgi ne zai tashi. Ma'aunin bango ya nuna 29, alhali tsakanin 18 da 27 ake son ɗaki irin wannan ya tsaya. Esi ɗaya ce ƙura ta toshe wa raga. Ni da yaron nan ɗan bautar ƙasa muka ciro ta muka wanke a famfon baya, ruwan ya riƙa fitowa ja kamar an jiƙa ƙasar gini.

Muna jiran ragar ta bushe ya tsaya gaban shasin yana kallon fitilu, ya ce, "Oga, wai a cikin wanne ne bayanan ma'aikata suke?"

Na ji daɗin tambayar, don ita ce ainihin abin da za a yi jayayya a kai yau, shi bai sani ba. Biled ake ce wa kowace siririyar saba da ake zurawa a shasin. Na kashe biled na tara, wanda ba komai a kansa, na zaro shi na ɗora kan tebur. Na nuna masa gurbin faifai biyu kacal da ke goshinsa, ƙanana masu inci biyu da rabi. Na ce su biyun nan tagwaye ne, abin da ke wannan shi ke wancan, RAID 1 ke nan, kuma manhajar da ke tayar da injin kawai suke ɗauke da ita. Na juya masa bayan biled ɗin. Ba kafar kebul ko ɗaya, ba wajen sa wayar wuta, sai haƙoran da ke shiga allon tsakiyar shasi.

Na ce masa ka ɗauke shi ɗan haya a gida mai ɗaki goma sha shida. Ba shi da mitarsa, ba shi da rijiyarsa, ba shi da ƙofar fita ta kansa. Wuta daga na'urorin wuta shida na gidan yake samu, iska daga fankoki goma, in zai yi magana da duniya kuwa sai ya bi ta zauren baya. Muka zagaya. Shasinmu c7000 ne na HP, samfurin da ya fara fitowa tun 2006, yana da gurbi takwas a baya na na'urorin sadarwa. Na ɗaya da na biyu ne kawai a cike a namu, sauran shidan an rufe su da marfi. Mutane in sun shigo ɗakin nan gaban shasi suke ɗauka hoto saboda fitilu, amma duk shawarar da za ta ci kuɗi a baya take.

Ɗan kwangila ya iso da sha ɗaya da rabi, daga Abuja ya kwana a hanya, in ji shi. Darakta yana nan, Hajiya ta ofishin kuɗi tana nan da biro a hannu. Mutumin ya iya baki, ba laifi. Fibre Channel yake so mu saya, mai gudun gigabit 16: akwatin faifai, suwic biyu, wato na'urorin da ke haɗa injuna da juna, da za su shiga gurbi na uku da na huɗu, sai igiyoyin faiba. Kuma abin da ya faɗa a kansa gaskiya ne. Hanya ce da aka gina don ajiya kaɗai, ba ta cuɗanya da zirga-zirgar intanet ɗin ofis, kuma mai aikawa ba ya turo kaya sai mai karɓa ya nuna yana da wurin sa su, shi ya sa ba a zubar da komai a hanya. Da a Legas nake, a cibiyar da ke da injiniyoyi suna karɓa-karɓa dare da rana, da ban buɗe baki ba.

Na bi takardar farashin layi-layi har sau biyu, sannan na ce, "Injiniya, ina katunan?"

Ya ce waɗanne?

Gurbi na uku da na huɗu ba da kowa suke magana ba sai da ƙaramin katin da ake ɗorawa a cikin kowane biled, a mazauni na farko. Haka aka ja layukan a allon tsakiya, ba abin da za ka sauya da manhaja ba ne. Biled ɗinmu goma da ke aiki, ko ɗaya ba shi da wannan kati. Ma'ana da an sa hannu a takardar nan, da suwic biyu masu tsada sun zo sun zauna suna ƙyafta fitila ba mai ce musu sannu, sai a dawo wajen Hajiya neman kuɗin kati goma a dala. Ya ce ai ya ɗauka muna da su. Bai taɓa buɗe biled ɗinmu ba, ko zuwa dubawa bai yi ba kafin ya rubuta. Cinikin biri a sama ke nan.

Ban tsaya nan ba, kuma wataƙila na ɗan yi zafi fiye da yadda ya kamata. Na ce ko da katunan sun zo, wa zai riƙe abin? A Fibre Channel kowace kafa tana da lambarta mai tsawo, haruffa da alƙaluma goma sha shida, sai ka zauna ka tsara wa suwic wace kafa ce aka yarda ta ga wace, sannan ka koma kan akwatin faifai ka sake faɗa masa wane rabo ne na wane biled. Kuskuren harafi ɗaya, biled ya tashi bai ga faifansa ba. Ni kaina rabin sani na yi masa, a kwas na mako ɗaya shekarun baya. Ranar da na tafi biki Azare abin ya tsaya, wa za a kira a garin nan?

Abin da nake so iSCSI ne, wato biled ya riƙa kaiwa ga faifan ajiya ta kan Ethernet, hanyar sadarwar da muke da ita tun da. Na'urorin da ke gurbi na ɗaya da na biyu irin Virtual Connect Flex-10 ne, kowane biled yana da hanya biyu masu gigabit 10, kuma kowace hanya ana iya tsaga ta gida huɗu a ba kowane gida nasa kason gudu. Sai a ware wa ajiya nata, a killace ta ita kaɗai. Lambar IP ce, suwic ne irin wanda yaran nan suka taɓa a makaranta, in kebul ya mutu akwai wani a durowa.

Nan ya kama ni da magana mai ma'ana, dole in rubuta. Ya ce ranar da ake kwashe madadin bayanai, wato kwafin ko-ta-kwana, kuma ma'aikata suka taru a kan manhajar albashi ƙarshen wata, hanyar da aka raba za ta cushe, kuma faifai ba ya haƙuri da jinkiri irin yadda mai buɗe Facebook ke yi. Haka ne. Na ce shi ya sa za a yanka wa ajiya kaso mai kauri, a mayar da kwashe madadin tsakar dare. Biled goma ne gare mu, ba ɗari ba.

Darakta ya tambaya ko ba a iya cusa faifan a cikin shasin kawai a huta. Ana iyawa, akwai biled na ajiya da ke ɗaukar faifai goma sha biyu, amma gurbin saba yake cinyewa kuma maƙwabcinsa na jiki yake yi wa hidima. Ya sake cewa to girgije fa, da kowa ke magana, wato a ajiye bayanan a wajen wani kamfani ta intanet? Na tuna masa ranar da masu aikin kwalbati suka datse faibar da ke shigo mana muka wuni biyu muna kallon juna. Ya yi dariya ya bar maganar.

Hajiya ba ta ce komai ba sai can. Ta ɗago kai ta ce, "Ni ku gaya mini, wanne ne in ya lalace za a sayi kayan gyaransa da naira?" Ɗakin ya yi tsit. Duk bayanin da na yi na minti ashirin bai kai wannan tambayar ba.

Sai kuma rigimar girma. A takarda an rubuta terabayit 48 da manyan baƙi, faifai goma sha biyu masu huɗu-huɗu. Na ɗauki biron Hajiya na yi mata lissafi a bayan ambulan. A ajiye faifai ɗaya ɗan jiran ko-ta-kwana, saura sha ɗaya. RAID 6, tsarin da ke jure mutuwar faifai biyu, ya ci biyu, saura tara, wato 36. In RAID 10 aka yi da duka sha biyun, inda kowane faifai ke da tagwayensa, 24 ne. Injiniya ya ce RAID 5 zai ba mu fiye da haka. Na ce a'a. RAID 5 mutuwar faifai ɗaya kawai yake jurewa, kuma lokacin da yake sake gina kansa ne sauran ke shan wahala, ga shi faifan canji kafin ya zo mana daga Legas sai an yi takarda, an sa hannu, an jira mota. Ba zan zauna makonni zuciyata na dukan uku-uku ba. Aka tashi a kan zai sake rubuto farashi iri biyu, kuma wannan karon sai ya buɗe biled ya gani da idonsa.

Bayan azahar na ce bari in gwada abin da na cika baki a kai. Akwai tsohuwar saba a ƙasan rak da na mayar ma'ajiyar gwaji tun watan jiya. Na haɗa biled na tara da ita, ya ga rabonsa, na ji daɗi. Na fara kwafar babban fayil, ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya cak. Ping, ɗan saƙon gwada hanya, yana zuwa yana dawowa lafiya lau. Na sake, ya sake tsayawa. Na zargi kebul, na canza. Na zargi ɗan ƙarfen da ke kan kebul ɗin, na canza. Har na fara ƙunƙuni a kan wanda ya sayo mana su. Wajen awa ɗaya da rabi ina wannan, yaron yana tsaye yana riƙe mini tocila.

Sai bayan la'asar hankalina ya dawo. Na aika ping mai girman bayit 8972 na hana a gutsura shi, wanda in ka ƙara 28 na kan saƙo ya cika 9000. Ko ɗaya bai dawo ba. Ashe na ɗaga girman fakiti, wato ƙunshin saƙo guda, zuwa 9000 a biled, na ɗaga a ma'ajiya, amma suwic ɗin da ke tsakani na bar shi a 1500 yadda ya zo. Ƙananan saƙonni suna wucewa, manya suna maƙalewa a ƙofa, kamar tirela ta nufi lungun cikin gari. Kuma ni na yi saitin da hannuna, har na rubuta a littafi cewa an gama. Da safe ina tsiya wa bawan Allah don bai duba ba. Laifi tudu ne. Na gyara layi ɗaya, fayil ya zuba a guje. Yaron bai ce komai ba, amma na ga yana cije leɓe.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. UPS, batirin da ke riƙe injunan in wuta ta ɗauke, ya yi ƙararsa, muka tsaya muna saurare har janareta ya kama. A ɗan tsakanin na karanta masa jerin da ke manne a ƙofa, na ranar da komai ya mutu gaba ɗaya: suwic tukuna, sannan ma'ajiya, a jira ta natsu, biled su ne na ƙarshe. In biled ya riga faifansa tashi, sai ya zauna yana lalube.

Kafin mu tashi na sa wani fayil a hanya na ce ya je baya ya zare kebul ɗin da ke na'urar gurbi na ɗaya.

"Oga, yana aiki fa."

"Na sani. Zare."

Ya kai hannu ya dawo da shi, ya sake kaiwa. Da ya zare, lambobin kan allo suka tsaya. Na ƙirga a zuci, na kai wajen ashirin, har na fara jin gumi a bayana duk da sanyin ɗakin. Sai suka ci gaba ta ɗaya hanyar. Ya leƙo daga bayan rak da kebul a hannu yana tambaya da ido. Na ce mayar, ka zare ɗayan. Wannan karon bai yi jinkiri ba.

Na tarar da masar a kan tebur ta yi sanyi ƙalau, muka raba muka ci haka nan da yaji. A gida maman yara ta ce rigata warin ƙura take, ta tambaya ko gini muka koma yi. Gobe zan sa a wanke ragar ɗaya esin tun da safe, in kuma nemi abin liƙa suna a kebul, don waɗanda na canza ɗazu na bar su a ƙasa a cakuɗe, kuma yanzu na san duk lafiyarsu ƙalau.