Buƙatu goma sha ɗaya muka kai majalisa, da ɗaya muka koma

Ni dai ba lauya ba ne, kallon tsuntsaye ne ya kai ni ƙofar majalisa. Mu 'yan kaɗan ne muke fita da asuba da madubin hangen nesa muna ƙirga tsuntsayen ruwa a wata fadama, shekara da shekaru, har muka lura dinya da zalɓe sai raguwa suke, ga kuma tifa kullum tana juye ƙasa a gefen ruwan ana yanka filaye. Sai muka ce to bari mu kai kukanmu inda ake yin doka.

Zuwan farko takarda muka riƙo mai buƙatu goma sha ɗaya, a hana farauta lokacin ƙyanƙyasa, a hana sare itatuwa, cinikin aku, maganin ƙwari, har fitilun dogayen benaye da ke ruɗa tsuntsaye masu ƙaura da dare, komai dai mun zuba. Ɗan majalisar bai samu ganinmu ba, mataimakinsa ne ya ba mu minti goma. Ya bi takardar da ido har ƙasa ya ce, "Malam, duk gaskiya kuka rubuta, amma wanne zan kai wa oga? Wane sashe na wace doka kuke so a taɓa?" Wallahi shiru muka yi gaba ɗayanmu. Na fito raina a ɓace, amma kafin na isa gida na san mutumin gata ya yi mana.

Daga nan na duƙufa karanta dokokin da suka taɓa ceto tsuntsu da gaske. Labarin ungulun Indiya shi ya fi tsaya min a rai. A shekarun 1990 ungulu ta dinga mutuwa, wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, ashe maganin ciwo ne da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac, saniya ta mutu ungulu ta ci mushen, ƙodar ungulun ta lalace, 'yan kwanaki ta bi. A 2006 Indiya da Pakistan da Nefal suka hana amfani da shi ga dabbobi, kuma masu fafutukar sun zo da madadinsa a hannu, meloxicam, don kada makiyayi ya rasa abin yi wa saniyarsa magani. Haka Amurka, maganin ƙwari DDT ke sa ɓawon ƙwan gaggafa mai farin kai ya yi laushi ya fashe a sheƙa, a 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙirga a jihohi 48, aka hana DDT a 1972, zuwa 2007 an cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Duk biyun abu ɗaya aka kama da sunansa aka ce a hana wannan.

Zaɓen ɗayan ne ya kusa raba mu. Akwai wata Hajiya a cikinmu da maganar aku ke ci mata rai sosai, ta taɓa ganin yadda ake cusa su a kwando rabi sun mutu, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Na ce mata Hajiya, aku mai launin toka tun 2016 yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji ta sa shi a rukunin farko, cinikin na daji tsakanin ƙasashe haramun ne, abin da ya rage aiwatarwa ce, ita kuwa fadama in aka cike ta ba mai sake haƙo ta. Sai da muka yi zama uku kafin ta yarda, ita ce ma daga baya ta rubuta mana shafi ɗayan da muka koma da shi: a hana cike fadamar sai an yi binciken illa ga muhalli, sannan a sa kuɗin masu gadi a kasafi.

Wannan na kuɗin fa da farko ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Ina ta kafa hujja da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan dausayi, sai wani tsohon mai gadin daji ya ce min, "Ɗana, takarda ba ta tare tifa, ni ke tarewa, kuma babur ɗina ba mai." Tun ranar nake fara tambayar yaushe kwamiti zai zauna kan kasafi kafin na tambayi komai, kuma magatakardan kwamiti ya zama wanda na fi kira.

Ranar jin ra'ayin jama'a ba mu je mu kaɗai ba, mun tafi da masunta biyu da wani manomi, shi ya yi bayanin yadda fadamar ke shanye ruwa da damina, ya ce tun da aka fara cike ta ambaliya ke shigar masa gona. Na ga shugaban kwamitin ya ajiye wayarsa ya ɗau biro. Sashen hana cikewar ya tsallake kwamiti yana jiran zauren majalisa, kuɗin gadin kuwa an zaftare rabi, shi za mu koma a kai kafin a rufe kasafi, Hajiya ta riga ta karɓo mana rana.