Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekarar da Kogin Isa Ya Tsaya

A makon jiya na tsaya inda yunwar 1984 ta koro mu daga Tawa zuwa Yamai. Kawuna ya damƙa ni hannun wani tsohon Basarke mai su a Harobanda, ba nisa da gadar Kennedy, don in samu abin kai wa baka.

Ni ɗan Adar ne, ruwan da na sani na rijiya ne da tabkin damina. Sai ga ni cikin kwalekwale a kan kogin Neja, wanda Zabarmawa ke kira Isa, kogin da ya taso tun daga duwatsun Gini, ya ratsa Gao ta su Askiya, tafiyar fiye da kilomita 4,000 kafin ya faɗa teku.

Tsohon, wanda nake kira Baba, ba ya wasa da salla, amma bai taɓa jefa taru ba sai ya taɓa ruwan da tafin hannu, yana motsa baki. Na tambaye shi, ya ce, "Ɗana, ruwan nan da mai shi." Harakoy Dikko yake nufi, wadda Zabarmawa ke ɗauka uwar iskokin kogi, mahaifiyar Dongo mai tsawa. Kawuna ya ce wannan shirka ce, kuma a aƙida ina bayansa har gobe. Sai dai ban taɓa ganin mai kunyar ruwa kamar Baba ba. Ƙaramin kifi maida shi yake yi. In dorina ta ɓullo, kunnuwa da hanci kaɗai a sama, sai ya ƙwanƙwasa gefen jirgi a hankali, mu ba ta hanya. Ayu kuwa ko sunansa ba ya so a ambata da dare.

A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Da ƙafa muka taka inda muke kama giwan ruwa, laka ta tsattsage, tarwaɗa na mutsu-mutsu a 'yan kududdufai. Masallatai suka fita roƙon ruwa, masu goge da ƙwarya suka yi nasu a bakin gaɓa. Baba ya zauna kan jirginsa da ya kife, ya ƙi cin abinci. A ranar na fara ganin hawayen dattijo.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin dawowar jan ruwa, da yadda na koma dakon shinkafa a Saga.