Kiwon 'Ya'yan Kwaɗi Don Gane Danginsu: Inda Aiki Ya Kai A Mako Na Huɗu

'Yan uwa masu koyo, ga inda bahonmu uku suka kai. Ƙwan kwaɗo shi kaɗai ba ya faɗa maka sunan mai shi, sai dai ya nuna hanya. Shi ya sa ake renonsa har ya fitar da ƙafa, ana rubuta duk abin da ya sauya.

Mu fara da rubutun, don a nan yawancinmu ke tuntuɓe. "Kwana 12" ba bayani ba ne, domin ɗan kwaɗon da ke ruwa mai ɗumi yakan yi wa ɗan uwansa na ruwa mai sanyi nisa, ko da rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su. A rubuta mataki. Jadawalin da Kenneth Gosner ya fitar a 1960 ya raba girman zuwa matakai 46. A mataki na 25 'yan rassan numfashin da ke gefen kai sun shige ciki, an fara cin abinci. Daga 26 zuwa 30 tsiron ƙafar baya ke tsawo, daga 31 yatsu ke fara rabuwa, a 42 hannaye ke fitowa, a 46 wutsiya ta ƙare. A kowane layi a sa mataki, da zafin ruwa, da tsawon jiki a milimita daga baki zuwa gindin wutsiya, sannan tsawonsa duka.

Baho na farko ya fito ne daga ƙwai masu kamar carbi, baƙaƙen ɗigo jere cikin doguwar igiya mai yauƙi. Wannan aikin kwaɗon tudu ne mai kaushin fata, dangin Bufonidae. 'Ya'yan ƙanana ne, baƙaƙe wuluk, suna tafiya a dunƙule. Yawanci sun kai mataki na 38 zuwa 40. Na baho na biyu kuwa da kyar ake ganinsu, don jikinsu garau yake har ana hango bugun zuciya. Suna rataye a tsakiyar ruwa kai ƙasa, ƙarshen wutsiya na kaɗawa ba tsayawa, ga gashin baki biyu dogaye kamar na tarwaɗa. Waɗannan 'ya'yan Xenopus ne, wani kwaɗo mai zama a ruwa, kuma su da jadawalin Nieuwkoop da Faber na 1956 ake auna su, mai matakai 66. Na uku manya ne masu kauri, muna kyautata zaton Hoplobatrachus occipitalis ne, babban kwaɗon ruwan nan da wasu ke kira burduddugi.

Aikin wannan makon duk a kan baki yake. A ɗebo ɗan kwaɗo da cokali tare da ruwansa, a sa shi a ƙaramin kwanon gilashi mai ruwan da bai wuce ya rufe shi ba, a leƙo ta ƙasa da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Kada a wuce minti biyu, kada kuma a taɓa shi da hannu. Wanda ya fi haƙuri ya jira har ya manna baki a bangon gilashi yana kankarar gansakuka, a nan komai ke buɗewa da kansa. Za a ga baƙin baki mai kamar na aku a tsakiya, da layukan ƙananan haƙora kamar matsefi sama da ƙasa. Ba haƙoran gaske ba ne, da irin abin da ke farce aka yi su. A baho na farko layi biyu ne a sama, na biyun a tsinke a tsakiya, uku a ƙasa, ana rubuta shi 2(2)/3. A duba fiye da ɗaya, domin haƙoran na zubewa, musamman bayan mataki na 41, sai lissafi ya ruɗe.

Sai ƙofar da ruwan numfashi ke fita. A baho na farko da na uku guda ɗaya ce, a gefen hagu. Xenopus biyu gare shi, dama da hagu, ba shi da haƙori ko ɗaya, tace ruwa yake yi. 'Ya'yan wani dangin kwaɗi daban, Microhylidae, kuwa ƙofarsu ɗaya ce a tsakiyar ciki. A kan irin wannan bambanci Grace Orton ta kasa 'ya'yan kwaɗi gida huɗu a 1953. Abin da ke sa wannan leƙe ya yi daɗi shi ne yadda yake nuna tsohuwar rabuwa. Reshen Xenopus ya ware tun da daɗewa kafin kwaɗin baho na farko da na uku su rabu da juna: ba shi da harshe, kuma namijinsa a ƙugu yake riƙe mace lokacin zuba ƙwai, alhali na sauran biyun a hammata suke riƙewa. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2017 ya nuna kusan kashi 88 cikin 100 na kwaɗin yau daga manyan rassa uku suka fito, waɗanda suka bunƙasa wajen shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dinoso suka ƙare. Kwaɗon tudu na ɗaya daga cikinsu, reshen Hyloidea, don haka ya fi kusa da kwaɗin bishiya na dangin Hylidae da ke wannan reshe a kan burduddugin da suke kududdufi ɗaya. Shi kuma Hoplobatrachus 'yan uwansa na kusa suna Asiya. A kula da suna a littafin rubutu: kwaɗon tudun da tsofaffin littattafai ke kira Bufo regularis ya koma Amietophrynus a 2006, ya sake komawa Sclerophrys a 2016. Dabba ɗaya ce.

Yanzu abin da ke kashe su. Na farko yawan abinci. Ganyen latas da aka tafasa ya yi laushi, gwargwadon abin da za su cinye a yini, ya wadatar da baho na farko, a kwashe ragowar da yamma. In ya kwana ya ruɓe, gubar amoniya ta taru, ruwa ya yi fari-fari, sai a ga suna ta tasowa sama suna haɗiyar iska. A sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk kwana biyu ko uku, da ruwa mai zafi daidai da na ciki. Ruwan famfo ya kwana biyu a buɗe kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa masa, ya fita, amma in ɗan uwansa kuloramin aka sa masa ajiya ba ta fitar da shi, sai da maganin da masu kiwon kifi ke ɗigawa. Da zarar ƙafar baya ta tsiro, kada a wuce ɗan kwaɗo ɗaya a kowace litar ruwa. Xenopus ba zai taɓa ganye ba, garin sifirulina, wani koren gari mai kama da gansakuka, kaɗan ake damawa a zuba, ruwa ya ɗan yi kore, ya washe cikin 'yan sa'o'i. Na baho na uku masu cin nama ne, duk wanda ya haɗa su da ƙanana zai wayi gari lissafi ya ragu. A ware su bisa girma, ko a tsakaninsu ma.

Haɗari mafi girma na gaba, a mataki na 42. Sinadarin tayirosin daga ƙullin maƙogwaro shi ke juya jikin gaba ɗaya, abin da aka fara ganowa a 1912 da wani masani mai suna Gudernatsch ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi naman ƙullin suka rikiɗe kafin lokaci. Alamar ita ce gwiwar hannu ta fara turo fata a bayan kai. Hannun hagu yakan fito ta ƙofar numfashin, na dama ya huda fata. Daga nan baki na faɗaɗa, dogon hanjinsu mai naɗe kamar gammo na gajarcewa, an daina ci, wutsiya ce abincin. Numfashi ya koma huhu, kuma ɗan kwaɗon tudu ba gwanin iyo ba ne, nutsewa yake yi a baho mai santsin bango. A rage ruwa zuwa santimita 2, a tokare gefe ɗaya ya karkata, a sa soso ko dutse mai kaushi, a rufe da raga. In wutsiya ta ƙare a fara ba su ƙananan ƙwari masu rai da ba su fi faɗin tsakanin idanunsu ba. Xenopus bai buƙatar tudu, a ruwa zai ƙare rayuwarsa.

Mai son tabbatar da suna ta DNA, wato ƙwayoyin gado, in ɗan kwaɗo ya mutu ya ajiye shi nan take a itanol, wato sifirit, mai ƙarfin kashi 95, da takarda a ciki an rubuta da fensir. Kada a sa shi a fomalin, ruwan adana gawa, don yana lalata DNA. Sauran a mayar da su ainihin ruwan da aka ɗebo ƙwansu. Kowane baho da ragarsa da cokalinsa, a wanke da bilic, ruwan farar da tufafi, a ɗauraye, a shanya har su bushe ƙamas, saboda cutar fata ta Batrachochytrium dendrobatidis da aka bayyana a 1999 tana bin jiƙaƙƙen kaya daga wannan ruwa zuwa wancan.