Yau da naira goma muka yi kallon hoto

Talata. Tun asuba babu wuta, wayata ta mutu, ga yara sun saba kullum bayan la'asar sai mun zauna a tabarma na nuna musu hoto ɗaya, jiya ma kawunan Nok ne, wato mutum-mutumin yumɓu na zamanin da, Auta ya ce ai mutanen kamar sun ga maciji ne shi ya sa idonsu ya fito haka. To yau babu waya. Na zazzage jaka na samo wata tsohuwar naira goma ta leda, wadda yanzu ko alawa ba ta saya, na juya bayanta na ce to ku faɗa min me kuka gani.

Ummi ta ce Fulani biyu masu tallan nono, shikenan, ta miƙe za ta tafi. Na ce dawo, kasuwa za su ko gida suka nufa? Nan fa aka fara. Ita ta ce kasuwa, don sun sha kwalliya. Yayanta ya ce a'a ai kwalliya kullum suke yi, a duba wuyansu, in ƙwarya cike take da nono wuya ba ya sakewa. Wallahi ni shekara nawa ina kashe kuɗin nan ban taɓa duba wuyan kowa ba. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in raba gardamar amma na danne, don na lura da zarar na ce ga amsa sai kowa ya yi tsit ya daina dubawa, sai dai in ce me ya sa ka ce haka, nuna min a jikin hoton.

Baban su ya shigo ya tarar da mu, ya ciro naira ashirin ya ce ga Ladi Kwali, maginiyar tukwane, ya ba su labarin yadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta wani Bature, Michael Cardew, a 1954 a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, har ABU ta ba ta digirin girmamawa, kuma ƙadangaru da kunamu da kifaye take zanawa a jikin tukwanenta. Auta bai ji komai ba sai ƙadangare.

Bayan magariba na je ɗebo ruwa na tarar da randata an zane ta da gawayi, ƙadangare mai ƙafa shida. Na ce Auta ina ka taɓa ganin mai shida? Ya ce Umma gudu yake yi, biyun na gudun ne. Ban goge ba. Ashirin ɗin kuma har yanzu Ummi ba ta mayar wa babanta ba.