Kujerar da ta yi kuka da hunturu

Kujerar farko da na haɗa da hannuna tana nan a zauren gidanmu a Ƙofar Marusa cikin Katsina, amma ba a miƙa wa baƙo ita. Buta da dardumar salla ake ɗora mata.

Bayan na gama difloma zaman jiran aiki ya ishe ni, sai kawuna ya kai ni wurin wani abokinsa kafinta a wajejen Ƙofar Ƙaura. Wata biyu ban taɓa zarto ba, aikina goga da sanfefa da miƙar da tsofaffin ƙusoshi. Ranar da Maigida ya ce in zano kujera, na kwana ina ƙawata bayanta da furanni. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya zaunar da ni a kan benci, ya ɗauko tef ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwata.

"Kai yaro, wa zai zauna kan furen nan? Daga ƙafar mutum ake fara kujera."

A nan na san cewa tsayin mazauni yana tsakanin inci 17 da 18 ga yawancin manya. In ya wuce haka, bakin katakon zai riƙa danne ƙasan cinya har ƙafa ta sage. Zurfinsa kamar inci 16, a bar wurin yatsu uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. In kujerar teburi ce, shi teburin inci 30 ne, ka ga an bar wa cinya wuri. Majingina kuwa ba a tsayar da ita cak kamar bango, sai an ɗan kwantar da ita baya, shi ya sa ake yanko ƙafar baya daga katako mai faɗi, a bi wani samfuri na filawud da ke rataye a shagon tun kafin in zo. Akwai kuma abin da ban taɓa gani a rubuce ba: in kujerar mai hannu ce kuma ta dattijo, Maigida yakan ƙara faɗi saboda babbar riga, kada aljihu ya maƙale in an tashi.

Katakon na sayo da kaina a 'yan katako cikin watan Agusta, tirela ba ta daɗe da sauke shi daga kurmi ba. Na ji shi da nauyi da sanyi a hannu, na ɗauka alamar ƙwari ce. Mai sayarwa bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Maigida ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye, ya yi shiru. Daga baya na gane da gangan ya ƙyale ni.

Na fafe ramuka da cizal a jikin ƙafafu, na fitar da harshen da zai shiga ramin a bakin kowace sanda, kaurinsa kashi ɗaya cikin uku na katakon kamar yadda aka nuna mini. Na shafa gam, na ɗaure da kilam, wato abin matse katako, na auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu har awon ya zo ɗaya. Wurin da ya fi ba ni wuya shi ne mahaɗar ƙafar baya da sandar gefe, kuma nan ne wahalar kujera take. Mutanenmu ba sa zama a natse. Da an ci tuwo an fito gindin bedi, sai a jingina a ɗaga ƙafafun gaba, duk nauyin mutum ya koma kan mahaɗa biyun nan. Ƙusar da aka buga a bakin katako ba ta jure wannan, sannu a hankali take zarewa.

Da na gama sai ta riƙa rawa. Na rage ƙafa ɗaya, ta ci gaba, na rage wata. Sai da na ci kusan inci guda kafin wani yaron shago ya ce in gwada ta a kan teburin aiki. Ashe daɓen shagon ne ba daidai ba.

Duk da haka na yi alfahari da ita, har Disamba ta zo. Iskar hunturu ta Katsina ba ta barin danshi a jikin komai, leɓe ma tsagewa yake balle katakon da aka sare a daji mai ruwa. Kujerar ta fara ƙiƙir-ƙiƙir in an zauna. Allunan mazauni suka buɗe har biro na shiga tsakani, ɗaya ya tsage daga wurin ƙusa. Na kai wa Maigida, ya sa hannu ya zare sandar gefe kamar an zare cokali daga kwano.

"Maigida, gam ɗin ne ba shi da kyau?"

"Gam bai yi laifi ba. Ɗanye ka haɗa."

Ya bayyana mini cewa katako yana shan danshi da damina ya kumbura, ya saki da rani ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Harshen da ya cika raminsa a Agusta ya rame a Disamba, gam ya rasa abin riƙewa. Sai a lokacin na lura da tarin da ke bayan shago: katako jere a inuwa, an ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, an sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. Na sha wuce shi ina ɗauka rashin ciniki ne. Busasshe in ka ƙwanƙwasa amo yake yi, ɗanye kuwa sai ka ji dum. Madaci ya fi ƙwari da kyan ja amma da tsada, farin katako ga sauƙin yanka ga araha, sai dai ba ya riƙe mahaɗa sosai. Kowanne dai sai ya bushe.

Kwanan baya wani malamin Islamiyya ya nemi in yi masa kujeru 6 cikin mako biyu. Na ce katakon da nake da shi sai ya ga hunturu tukuna. Ya dube ni kamar na ƙi kuɗi, washegari na hango a-daidaita-sahu ta sauke masa na roba. Katakon yana nan bayan gida, jiya ma na juya shi.